Fuska ta Huɗu

Gyaran ginshiƙi aka kira ni,
ni Jatau magini, ɗan zangon Kumasi.
Na hau tirotiro da cokalin gini da igiyar awo,
na sauka inda kwalta ta gaji, jar ƙasa ta karɓa,
ƙauye ne a tsakiyar gonakin koko.

Ga shi tsaye a mararraba.
Matakala uku, gindi mai kusurwa huɗu,
jikin yana tsukewa yana hawa
kamar mutumin da ya riƙe numfashi.
Na auna, kamu tara har da ɗani.
Ƙasansa baƙin dutse ne, sassaƙar hannu,
daga ƙirji zuwa kai siminti.
Kuɗi ne suka ƙare a hanya.
Magini ba ya ɓoye wa magini.

Babu gawa a ƙarƙashinsa.
Wannan ya fara tsaya mini a wuya.
Mu kabari ƙasa muke haƙa shi,
mu kwantar, mu rufe, mu karkaɗe hannu.
Wannan sama aka haƙa shi,
don mutanen da dajin Bama ya karɓa bai mayar ba.

Fuskar gabas sunayen Tonawa,
kowa da sunan gidansu.
Fuskar arewa namu ne, baƙi:
Barau Zabarma, Tanimu Moshi, Gambo Wangara.
Magatakarda ya tambayi sunan uba,
bai jira amsa ba, ya rubuta ƙabila.
Can ƙasa, inda ruwa ke fantsama,
Na-Allah Hausa, da lamba shida a gefe.
Ƙanen kakata ne.
Fataucin goro ya kawo shi kurmi,
bashi ya sa masa kaki.
Kaka ta ce yana da wushirya,
kuma duk girmansa tsoron kwaɗo yake.
Tagulla ba ta san wannan ba.

Fuskar yamma Turanci ne,
gansakuka ta karanta rabi ta haɗiye.

Fuska ta huɗu babu kome.
Sumul, an shafe ta an goge,
ramuka huɗu na ƙusa suna jiran allo.

Maame Dufie na shanya barkono a matakala ta biyu.
Da Tonanci da Hausar kasuwa ta ce mini:
wannan gefen na masu dako ne,
waɗanda suka ɗauki akwatin harsashi a ka,
ba bindiga, ba takalmin kirki.
An ce takardar sunayensu na nan tafe.
Ubana na ciki, in ji ta.
Ta juya barkono da bayan hannu.
Har yau tana tafe.

Na kankare tsaga, na jiƙa, na cusa kwaɓi.
Yara suka tashi daga makaranta,
ginshiƙin ya zama gidan ɓuya.
Wata akuya ta sosa baya a kan Gambo Wangara.
Ban kore ta ba.
Wa ya san yaushe rabon a taɓa shi?

Da la'asar, a saman tsani,
inda ido daga ƙasa ba ya kaiwa,
na tarar da babban yatsa a cikin tsohon siminti,
zanensa fes, kamar jiya aka danna.
Wanda ya gina, shi ma ba a rubuta shi ba,
sai ya sa hannu yadda ya iya.
Na ɗora nawa a kai. Nasa ya fi faɗi.

Ɗan kwangila ya ce a shafe ko'ina, a yi fenti fari.
Na shafe ko'ina,
ban da yatsan,
ban da ramukan nan huɗu.

Hadari ya taso daga wajen Kumasi.
Maame ta tattara barkono a zane.
Na wanke cokali, na karanta Fatiha,
na fara da masu suna,
na daɗe a fuska ta huɗu.